Lamba Tara da Mai Amalanken Albasa

Fadarmu tana bayan tashar mota ta Konni, a ƙarƙashin rumfar wani tela. Benci biyu ne da tabarma da kaskon gawayi na shayi, sai talabijin da muke ɗorawa a kan tsohon teburin keken ɗinki. A shekarun da nake magana ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, a Malbaza, iyalina kuma suna Konni. Duk Juma'a da yamma nakan sauko, in ajiye jaka a gida, in wuce fada. Telan ne shugabanmu, domin rumfarsa ce, kuma ya fi kowa murya. Akwai ƴan kabu-kabu masu haya da babur, da masu shago, da wani soja ɗan gabas da aka turo aiki garin. Shi bai cika magana ba, sai dai ya sha shayinsa, ya kalli wasa, ya tafi.

Kowa a cikinmu da kulob ɗinsa na Turai. Na tuna ranar da labari ya zo a waya cewa an kama wani ɗan wasa a can yana tuƙi a buge. Ba ɗan kulob ɗina ba ne, don haka na fi kowa zafi. Na ce mutumin da Allah ya ba irin wannan dukiya ya kasa ɗaukar direba, ɗauri ne ya dace da shi, a kuma raba shi da wasa. Magoya bayansa suka ce ai bai kashe kowa ba, yaro ne, hassada ce ta ƴan jarida. Ba a jima ba irin haka ta faɗa wa ɗan kulob ɗina, sai muka yi musayar baki. Na ɗauki maganarsu, suka ɗauki tawa, muka yi dariya aka zuba shayi na biyu. Abin yana nesa da mu. Ba mu san titin da suka bi ba, ba mu san masu tsallaka shi ba.

Mutum ɗaya ne ba ma gardama a kansa, shi ne yaronmu. Ɗan unguwarmu ne, uwarsa tana sayar da abinci a bakin tasha. Ni na koya masa karatu a farkon aikina, kafin a kai ni Malbaza. Ba shi da ƙoƙari a aji, amma in aka fita filin lakwal aka jefa ƙwallon tsumma, sai ka ga malamai ma sun tsaya kallo. Da gawayi yake rubuta tara a bayan rigarsa, shi ya sa duk garin ake ce masa lamba tara tun yana ƙarami. Ya tafi Yamai ya shiga wani babban kulob, daga can aka saye shi zuwa wata ƙasar Larabawa. Ranar da muka fara ganinsa a talabijin, tela ya rufe keke, ya ce ba ɗinki yau ko da ɗinkin amarya ne.

In ya zo hutu ba ya ɗaga kai. Yakan zauna a tabarmarmu, ya raba wa yara takalma da riguna, ya gaishe ni da hannu biyu ya ce Mushe, yadda ake kiran malamin lakwal, kamar yana aji. Garinmu na kan iyaka ne, an san mu da fatauci da kwastan da ƴan kabu-kabu. Shi ne ya sa aka ambaci Konni a bakin masu sharhin wasa na wata ƙasa. Muna jin kamar kowa a cikinmu yana da rabo a ƙafar nan tasa.

Mun san yana sha. Wannan ba abin da zan ce an ɓoye mana ba ne. Akwai wani otal a gefen gari inda yake zama da abokansa da suke biyo shi daga Yamai, daga can sai ya zo fada yana taunar kanumfari, idanunsa sun yi ja. Tela yakan ce gajiyar wasa ce. Wani ya ce ai duk manyan ƴan wasa haka suke, muddin ƙafa tana aiki babu ruwan kowa. Sau ɗaya na yi niyyar yi masa magana. Na ja shi gefe, kafin in buɗe baki ya zaro riga daga leda, mai lambarsa a baya, ya ce, “Mushe, wannan da ita na ci ƙwallona na farko a can. Taka ce.” Na karɓa na yi godiya, maganar ta koma ciki.

Abin ya faru gab da faɗuwar damina, lokacin da hadari yake haɗuwa da yamma ya watse ba ruwa. Matasan Tsarnawa sun shirya wasan sada zumunci don girmama shi, aka ce zai buga rabin lokaci. Mu ƴan fada muka riga shi tafiya a kan babura. Fili ya cika, mata masu ruwan sanyi da ƴan talla sun kewaye shi, yara sun hau katanga. Aka yi la'asar bai zo ba. Muna tsaye sai ga wani ɗan kabu-kabu ya shigo har tsakiyar fili, ya ce lamba tara ya yi hatsari a kan kwalta, kafin a shigo gari.

“Ƙafarsa fa?” in ji tela.

Ni ma abin da ya fara zuwa bakina ke nan. Mutane da yawa suka tambaya lokaci guda, ƙafarsa fa. Da yaron ya ce lafiyarsa lau, sai aka yi hamdala. Muna kan hanya ne wani ya tuna ya tambaya ko me ya kaɗe.

Amalanken jaki ne, ɗauke da buhunan albasa. Mun tarar da motar lamba tara ta sauka gefen hanya, hancinta a cikin rami. Amalanken ya rabe, ƙafarsa ɗaya ta yi nisa cikin gona. Albasa ta watsu a kan kwalta, manyan motoci sun bi ta kai, warinta ya cika wurin har yana sa hawaye. Jakin yana kwance yana shure-shure. An tsayar da wata motar haya, lamba tara da kansa ya rungumo mai amalanken yana ƙoƙarin shigar da shi, jini ya ɓata masa farar riga. Da na matsa na ga fuskar mutumin, sai na gane shi.

Ni ɗan Tajaye ne. Mutumin nan aminin mahaifina ne, gonarsu da tamu iyaka ɗaya. Baba nake ce masa tun ina yaro. Shi ya ɗauke ni a jakinsa ya kai ni bakin hanya ranar da zan fara tafiya kwaleji. Kowace rani yakan sauko Tsarnawa da amalankensa ya yi dakon albasa daga garake, lambunan rani, zuwa kasuwa, in hadari ya fara ya koma gida shuka. Saura ƴan kwanaki ya koma.

Motar hayar ta tafi da Baba asibiti. Lamba tara ya zauna a bakin kwalta ya dafe kai. Na sunkuya na dafa kafaɗarsa, ya ɗago zai yi magana, na ji warin a bakinsa. Duk ƙarfin albasar nan bai rufe shi ba. Ina ɗagowa na hangi tela ya leƙa cikin motar yaron, ya zaro kwalba daga ƙarƙashin kujera, ya sa a cikin babbar rigarsa, ya nufi wajen baburansu a hankali. Idonmu ya haɗu. Na juya ina kallon jakin. Bayan haka jandarma suka iso, suka yi awon hanya, suka yi tambayoyinsu, suka tafi da lamba tara.

Washegari da hantsi fada ta cika har da waɗanda ba ƴan fada ba. Kafin a sauke shayin farko an gama shari'a. Wani ya ce jakin ne ya firgita ya shigo tsakiyar hanya. Wani ya ce masu amalanken nan ba su san dokar hanya ba, kullum a kan kwalta suke tafiya kamar ta gidansu ce. Wani ma ya ce amalanken ba shi da fitila, alhali tun rana ba ta faɗi ba abin ya faru. Babu ɗaya daga cikin masu faɗar haka da ya ga lokacin da aka yi karon. Tela ya ce ƙaddara ce, kuma abin da ya kamata a duba shi ne kakar wasa ta kusa, in yaron bai koma kan lokaci ba kulob zai sa wani a gurbinsa, shi ke nan an kashe masa rayuwa.

Sojan nan yana gefe da ƙaramin kofinsa. Ya ce, “Da ɗan kabu-kabu ne ya sha ya kaɗe tsohon nan, da tun jiya kun ƙone babur ɗin.”

Tela ya ce, “Wa ya ce maka ya sha? Kana wurin?”

“Ba na wurin. Amma nan yake zama, ina da hanci.”

“Kai baƙo ne,” in ji tela. “Ba ka san abin da yaron ga yake a wurinmu ba. Gobe a ɗauke ka a kai wani gari, mu muna nan.”

Sojan ya dube ni. Ina jin yana zaton tunda ni malami ne, kuma an ce tsohon ɗan garinmu ne, zan ce wani abu. Na duƙa ina gyara gawayi a kasko. Ya ajiye kofi, ya yi sallama. Bai sake zama da mu ba har aka yi masa canjin wurin aiki.

Aka yanke shawarar a je a ba iyalin tsohon haƙuri, a roƙe su su yafe, domin an ce in mai haƙƙi ya yafe maganar za ta yi sauƙi. Kawun yaron zai je, da tela, da ni. Ni ne ma dalilin tafiyar. Kawun ya riƙe hannuna ya ce, “Mushe, kai ɗansu ne. Abin da ka faɗa shi za su ji.” Na ji daɗin maganar a lokacin. Ban ɓoye wa kaina ba, na ji daɗi da aka ce ni ne zan ceci lamba tara.

An yanke wa Baba ƙafar dama daga ƙasan gwiwa. Mun same shi kwance, an rufa masa zane, wurin da ƙafar take zanen ya kwanta. Matarsa, wadda nake kira Inna, ta iso daga Tajaye, tana zaune a tabarma kusa da gadon tana yi masa fifita. Ƴaƴansu maza duk suna ci-rani a ƙasashen gaɓar teku, ba wanda ya samu zuwa. Da ta gan ni ta ce, “Ɗana, ka zo,” ta matsa mini wuri a tabarmar.

Bayan gaisuwa na fara. Magana ta zo mini da sauƙi kamar ina gaban allo. Na ce yaron maraya ne, shi yake riƙe da uwarsa da ƙannensa. Na ce tun jiya bai sa komai a bakinsa ba don baƙin ciki. Na ce zai ɗauki nauyin magani duka, ya sayi sabon amalanke da jaki. Na kawo falalar yafiya, na kawo zumuncin da ke tsakanin Baba da mahaifina, wanda ya rasu shekarun baya. Har sunan mahaifina na sa a cikin roƙon. Tela yana gyaɗa kai, kawun yana cewa haka ne.

Baba ya saurara har na gama. Sannan ya ce, “Matso nan, ɗana.”

Na matsa. Muryarsa ta yi ƙasa.

“Ana ta hwaɗin yaron ya sha abin nan. Kai ka zo wurin. Gaskiya na?”

Na ji tela ya daina motsi a bayana. Na ce, “Baba, mutane ba sa rasa abin faɗa. Ni dai ban gan shi yana sha ba.”

Ban gan shi yana sha ba, wannan gaskiya ne. Na zaɓi kalmomin ne yadda in aka tsare ni zan ce ban yi ƙarya ba. Baba ya daɗe yana kallona. Ya ce, “To. Tunda kai kac ce.” Ya juya wajen kawun ya ce ya yafe, duniya da lahira, a je a gaya wa hukuma.

Inna ba ta daina fifita ba. Ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, “Ƙahwar fa, wa za shi maido ta?”

Kawun ya ce Allah ya ba da haƙuri. Muka yi addu'a muka fito. A bakin ƙofar asibiti tela ya bubbuga bayana ya ce lalle karatu ya yi rana.

Ban san yadda shari'ar ta bi dalla-dalla ba. Na dai san an ci shi tara, an karɓe masa takardar tuƙi na wani lokaci, aka sake shi. Ranar da ya fito ƴan kabu-kabu suka ɗauke shi a kafaɗa har ƙofar gidansu. Ya so ya je asibiti, kawunsa da tela suka hana, suka ce mutane za su taru, wani ya ɗauka a waya, abin ya kai kunnen kulob. Ya koma bakin aikinsa bai ga Baba ba. A wasansa na farko ya ci ƙwallo da ka. Aka zagaye gari da babura ana oda, ina bayan ɗaya daga ciki, sanye da rigar da ya ba ni. Tela yana gaba yana cewa wannan amsa ce ga mahassada.

Da kaka na je Tajaye gaida mahaifiyata. Hanyar gidanmu ta bi ta gefen gonar Baba. Rabinta ne kawai aka shuka, shi ma a makare, da gayyar da maƙwabta suka yi masa bayan sun gama nasu. Geron bai kai kafaɗata ba, zangarniyar ƙanana. Sauran rabin ciyawa ta cinye. A gidan na tarar da sabon amalanke jingine da katanga, fentinsa bai ko goge ba, jakin kuma an ba wani maƙwabci yana aiki da shi ana raba abin da aka samu. Baba yana zaune a inuwar itacen bedi da sanduna biyu a gefensa, yana tufkar igiya. Ya yi murna da ganina, ya tambaye ni aiki da iyali. Inna ta fito ta kawo ruwa. Ta ce, “Sannu da zuwa, Mushe.” Tun da aka haife ni ba ta taɓa kirana haka ba. Daga ranar kuma ba ta sake ce mini ɗana ba.

Na koma Konni na ci gaba da zama a fada. Duk ranar wasansa nakan zo da wuri in kama wuri a benci. In ya ci nakan yi tsalle tare da kowa. Sai dai wani lokaci, in kyamara ta nuna ƙafarsa kusa yana gyara ƙwallo, sai in ajiye kofin shayin ban sha ba.

Bayan wasu shekaru gwiwarsa ta samu matsala. Aka yi masa aiki, bai dawo yadda yake ba, kulob ɗin ya sallame shi. Ya dawo Yamai wani ƙaramin kulob, can ma benci ya fi zama. Daga baya ya tattaro ya dawo gida, ba mota, ya yi ƙiba. A nan ne fada ta sake zama a kan maganarsa. Tela da bakinsa ya ce giya ce ta cinye shi, kuma tun ranar da ya kaɗe tsohon nan alhaki yake bin sa. Wanda ya ce jaki ne ya firgita, yanzu ya ce shi da idonsa ya ga yadda motar take tangaɗi tun daga Konni. Aka ce ya zubar da mutuncin gari. Aka ce ai Musulmin kirki ba ya haka. In ya wuce ta tasha yara sukan bi shi daga nesa suna cewa mashayi, iyayensu suna ji ba sa tsawatarwa. Laifin dai shi ne na ranar farko, ba abin da ya ƙaru a kai. Ƙwallo ce ya daina ci.

Wata Asabar da safe na same shi a rumfar uwarsa yana jera kwanoni. Ya gaishe ni da hannu biyu kamar da. Muka zauna a benci, uwar ta ba mu baya tana juya miya.

Ya ce, “Mushe, ranar nan ka ji warin, ko?”

Na ce na ji.

“Na san ka ji. Na ga fuskarka.” Ya murza gwiwar. “A aji ka sha marina a kan abin da bai kai wannan ba. Ranar nan ina zaune bakin hanya jira nake wani ya mare ni. Sai kuka ɗauke ni a kafaɗa. Na koma can na ci gaba da sha, har ya fi na da. Na ce a raina ashe ba wani abu ba ne, tunda Mushe ma bai ce komai ba.”

Ya ce ba yana ɗora mini ba ne, shi ya sha, shi ya tuƙa, ba wanda ya ɗura masa. Ya ce ya kwana biyu bai taɓa ba, amma ba zai yi mini alkawari ba, don ya sha yi wa kansa yana karyawa. Sannan ya ce yana so in raka shi Tajaye, bai san gidan ba, kuma ba zai iya shiga shi kaɗai ba.

Muka tafi ranar kasuwa a motar haya, an cusa mu a baya tare da buhuna da awaki. Ya ja hula ya rufe rabin fuska, amma ba wanda ya kula da shi. Mun tarar da Baba a inuwar nan tasa. Ya tsufa sosai, wuyansa ya rame. Lamba tara ya cire takalmi tun daga bakin zaure, ya durƙusa a ƙasa, gwiwar mai ciwo ta ƙi lanƙwasuwa sai da ya dafa ƙasa.

Ya ce, “Baba, ni ne na kaɗe ka. Na zo in gaya maka da bakina, ranar nan na sha. A buge nake. Ba jakinka ba ne, ba kai ba ne.”

Baba ya ce, “Na sani.”

Yaron ya ɗago.

“Kai kad ɗauke ni kas sa mota. Bakinka na nan kusa da hancina. Ƙahwata ta karye, hancina lahiya lau yake.”

Bai dube ni ba da yake faɗar haka. Ni kuwa ina tsugune a gefe, ji nake kamar ƙasa ta buɗe in shige.

“To don me ka yafe, Baba?”

“Uwarka ta zo da sassahe, ita kaɗai, tun waɗanga ba su zo ba. Ba ta roƙe ni komi ba. Ta zamna nan ƙasa ta kama hannun matata tana kuka. Da za ta tashi tac ce, ɗana ya cuce ku, duk abin da kunka yi mai daidai na. Don ita niy yahe. Tun kahin su shigo na gama shawarata.”

Ashe duk jawabin da na tsara, da sunan mahaifina da na sa a ciki, da amsar da na auna na ba shi, ba su sayi komai ba. Ya riga ya yafe, ya kuma riga ya sani. Tambayar da ya yi mini a kan gadon, ba don ya san halin yaron ya yi ta ba.

Inna ta fito da kwanon ruwa ta ajiye a gaban baƙon. Ya gaishe ta, ya ce ita ma ta yafe masa. Ta tsaya tana kallonsa, ta ce, “Shi ya yahe. Ni ban kai nan ba tukuna. Sha ruwa.” Ya sha. Da aka kira azahar Baba ya laluba sandunansa, yaron ya tashi da sauri ya ɗauko buta, ya zuba masa ruwan alwala, ya tsaya yana kallon yadda yake wanke ƙafa ɗaya. Bayan salla Baba ya yi ta tambayarsa yadda ƙasar Larabawa take, ko ana noman gero a can, ko gaskiya ne ana biyan mutum don ya yi gudu kawai. Har dariya suka yi.

Da za mu tafi na ce wa yaron ya yi gaba zan same shi a bakin hanya. Na matsa kusa da Baba. Na ce, “Baba, ni ma ranar nan a asibiti…”

Ya ɗaga hannu. Ya ce, “Rana ta yi, kar mota ta bar ku. Ka gaida ƴan lakwal ɗinka.”

Na tsaya kaɗan ko zai ƙara wani abu. Ya jawo kabarsa ya ci gaba da tufkar igiya. Na yi sallama na fito.

Yaron ya hau Tajaye damina biyu a jere ya taya su shuka da noma. Daga baya ya samu aikin horar da yara a Yamai, ban sani ba ko yana zuwa har yanzu. Ni an dawo da ni Konni da aiki, gidana ba nisa da rumfar tela, kuma har yau nakan zauna a can ranar wasa. Ni da tela ba mu taɓa tayar da maganar kwalbar ba. Baba yana nan da ransa. Duk zuwan da na yi gida nakan shiga in gaishe shi, ya karɓe ni da fara'a, ya tambaye ni nawa ake sayar da tiyar gero a Konni, ya tambayi yarana ɗaya bayan ɗaya. In na ga kamar wuri ya yi da zan ɗauko zancen, sai ya kira jikarsa ta kawo mini fura, ko ya tambaye ni ko an yi ruwa a wajenmu.